Yadda za ka duba sandunan golf na ƙaramin kamfani kafin ka saya

Sandunan golf kan faɗo Damagaram cikin kayan gwanjo, ko wani ya taho da su daga Kano, ɗauke da sunan kamfanin da ba ka taɓa ji ba. Kada rashin suna ya kore ka, aikin za ka duba.

Da farko riƙe kan sandar, wato ɓangaren da ke bugun ƙwallo, da hannu ɗaya, jikinta da ɗayan, ka murɗa a hankali. In kan ya motsa, mannin ya saki, ajiye ta. Sai ka girgiza ta kusa da kunne, kada ka ji wani abu na kaɗawa a ciki.

Bi zane-zanen fuskar da farce. Su ke sa ƙwallo juyawa, in sun shafe sandar ta tsufa. Duba robar mariƙi ma, zafinmu na busar da ita har ta tsage, amma wannan ana sakewa, sai dai a rage maka kuɗi.

Jera su a bango bisa lambar da ke rubuce a kan kowace sanda, tsawonsu ya riƙa raguwa daidai daga ƙaramar lamba zuwa babba. Dokar wasan golf ta tsayar da sanda 14 a jaka, mai koyo bai buƙatar duka.

Daga nan ɗauki lamba 7, ka fita fili ka buga ƙwallo goma, ka ga ko suna sauka kusa da juna.