Kafin yaranmu su shiga BECE (jarrabawar kammala ƙaramar sakandare): takardar zaɓin amsa

Salamu alaikum iyaye da 'yan uwa. Ina yi wa yara bitar darasi da yamma a nan Aboabo, kuma abin da ya fi cinye musu maki a ɓangaren A, B, C, D shi ne cika takardar amsa, ko da sun san karatun.

Na'ura ce ke duba takardar nan ta WAEC, hukumar da ke shirya jarrabawar, ba ta san uzuri ba. A saya wa yaro fensir 2B guda biyu, a feƙe su tun daga gida, da magogi mai laushi wanda ba ya barin baƙi. Ya cike gurbin amsa sosai. Idan ya canja ra'ayi ya goge tas, don gurbi biyu a layi ɗaya asarar makin ne.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne tsallake layi. A jarrabawar gwaji wata ɗalibata ta bar tambaya ta 14 don ta dawo mata, sai ta zuba amsar ta 15 a layin 14, haka har ƙasa. Yarinya mai ƙoƙari, wallahi, ta fito tana kuka. Yanzu ina sa su ɗora yatsa kan lambar tambaya, su duba lambar layi, sannan su cike. Bayan kowace tambaya goma a sake dubawa.

Kada yaro ya tara amsoshi a takardar tambaya wai sai ƙarshe ya kwafe, lokaci na iya ƙurewa. Tambayar da ta gagara, a cire zaɓin da aka tabbata ba shi ba ne, a canki ɗaya cikin sauran. Sunansa da lambarsa kuwa ya duba su kafin ya taɓa tambaya ta 1.