Yadda na gyara matsalar gyangyaɗi a ajin natsuwa

Masu koyon natsuwa da lura da numfashi a wajena, da nace a rufe ido sai kaga kawuna na rangaji, wani har da minshari. Tsarin koyar da natsuwa da wani masani ɗan Amurka, Jon Kabat-Zinn, ya kawo a 1979 minti 45 ne kullum, wallahi yayi wa sabon shiga yawa. Sai na rage zuwa minti 5, kowa ya zauna a miƙe banda jingina, ido a ɗan buɗe yana kallon ƙasa, ana ƙirga numfashi ɗaya zuwa goma, in hankali ya gudu wajen waya ko bashi sai a koma ɗaya kawai, ba faɗa. Kuma na daina sa ajin bayan cin abinci, ashe ma nan ne rabin matsalar.