Yadda Ake Amfani da Kundin Ƙwayoyin Gado Wajen Inganta Kwakwar Manja

Kwakwar manja ba ta fara 'ya'ya sai ta yi kimanin shekara uku a gona, kuma mai inganta iri yakan shafe shekara goma ko fiye kafin ya tabbatar da ingancin zuriya guda. Amma tun da Hukumar Manja ta Malesiya da abokan aikinta suka wallafa kundin ƙwayoyin gadon wannan bishiya a 2013, kundi mai haruffan DNA (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jikin mai rai) kusan biliyan 1.8, ana iya gane halayen dashe da dama tun yana cikin leda.

Da farko a tsayar da halin da ake nema, ko yawan mai, ko gajartar bishiya don sauƙin yanka, ko juriya ga cutar Ganoderma mai ruɓar da gindi.

Mataki na biyu shi ne tara bayanan gona, kuma shi ne ginshiƙin aikin duka. A zaɓi bishiyoyi ɗaruruwa waɗanda aka san iyayensu, a riƙa auna nauyin nonon kowace bishiya da yawan man da ke cikinsa shekara da shekaru, domin fari ko taki na iya ɗaga amfanin shekara guda ko su kassara shi ba tare da gado ya taka rawa ba. Idan awon nan ya gurɓata, duk tsadar na'urar da za a kawo daga baya ba za ta gyara shi ba.

Daga nan a yanki ganye kaɗan daga kowace bishiya, a fitar da DNA, a karanta shi, a gano wuraren da haruffa suka bambanta. Sai a haɗa waɗannan wurare, da ake kira alamomi, da bayanan gona a kwamfuta.

A nan halaye suka rabu gida biyu. Wasu ƙwayar gado ɗaya ce ke juya su, kamar SHELL mai kula da kaurin ɓawon ƙwallo. Nau'in dura ɓawonsa kauri gare shi, pisifera ba shi da ɓawo, tenera kuwa, wanda ake samu idan an haɗa su biyun, ɓawonsa siriri ne kuma man da yake bayarwa ya fi na dura da kusan kashi 30 cikin 100. Gwajin ganye guda ya isa a tsame duran da ya kutso cikin dashe kafin ya mamaye fili na shekara 25. Yawan amfani gaba ɗaya kuwa ƙwayoyi masu yawa ne ke da hannu a cikinsa, saboda haka lissafi ake yi da dubban alamomi a ba kowane dashe maki.

A ƙarshe a kai masu maki mafi yawa gonar gwaji, a riƙa mayar da sabon awonsu cikin lissafin, domin hasashen yana raguwa da ƙarfi yayin da zuriya ke nisa da bishiyoyin da aka fara aunawa.