Ibadar majinyaci a gadon asibiti: inda ma'aikatan jinya suka fi yin kuskure

A takardar kwantar da majinyaci akwai gurbin addini, kuma galibi kalma ɗaya ake rubutawa a wuce. Wannan kalmar ba ta gaya wa nas ko Baba yana azumi, ko akwai laya a ƙugunsa, ko zai yarda a ƙara masa jini. Ko suna ma yana ruɗi: Musa ko Yakubu daga Wusasa yana iya zama Kirista, Hausarsa tsantsa. Gyaran shi ne tambaya uku tun ranar kwanciya. Wace ibada kake son ci gaba da yi a nan? Me ake kawo maka daga gida na sha ko na shafawa? Wa za a kira idan jiki ya tsananta? Amsar ta shiga fayil, a kuma faɗe ta wajen miƙa aiki, don mai aikin dare ya sani.

Tambaya ta biyu ce ta fi ceton rai. Masu jinya suna shigowa da rubutu, zamzam, ruwan tofi da zuma. In an daka musu tsawa ba dainawa za su yi ba, sai dai su jira sista ta juya baya. Ga inda haɗarin yake: wanda za a yi wa tiyata ana hana shi abinci na awa 6, ruwa zalla na awa 2, saboda idan an sa shi barci abin da ke cikinsa yana iya tasowa ya faɗa huhu. Haka mai shanyewar ɓarin jiki da haɗiya ta gagare shi, kofin rubutu ɗaya ya isa ya shaƙe shi ko ya jawo masa ciwon huhu. Jaririn da bai kai shekara 1 ba kuwa ba a ba shi zuma ko kaɗan. Dangi sun fi jin magana idan an ba su mafita: a jiƙa auduga da zamzam a shafa masa a leɓe, rubutun a shafa a goshi da hannu, nesa da ciwo da wurin ɗinki, kuma kada a ɗura komai ta robar hanci sai da sanin ma'aikaci.

Laya da kambu ana cire su kafin tiyata, da kafin shiga na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, tunda wasu da ƙarfe a jikinsu. Amma sa almakashi a datse a jefa kwandon shara yana kashe yarda nan take. Mai ita ya kwance da hannunsa, a sa a leda da sunansa, a damƙa wa mai jinya, a rubuta.

Sai sallah. Da yawa suna barinta don ganin robar fitsari a jikinsu, su yi kwanaki abin yana cin ransu, barci ya gagara. Cewa "Allah ya san ba ka da lafiya" ba ta warware musu komai. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya ba da sauƙi: a tsaye, in ba hali a zaune, in ba hali a kishingiɗe. Aikin nas a nan na hannu ne. A zubar da jakar fitsari, a canza zanin gado idan ya ɓaci, a nuna masa alƙibla, a ɗan matsar da wankin ciwo daga lokacin sallah. Wanda ruwa zai cutar, ƙaramin dutse mai tsafta ya ishe shi taimama, kowa da nasa, kada ya riƙa yawo gado-gado. Bandeji shafa ake yi a kansa, ba a jiƙa shi. Wanda ya fito daga tiyata jiya kada a bar shi ya miƙe shi kaɗai don ya yi kabbara, jiri ne zai kayar da shi. Tambayar da ta kai ga fatawa kuma ta limamin masallacin asibiti ce.

A watan azumi, ƙwayar da aka miƙa da rana sau da yawa ƙarƙashin matashi take ƙarewa. A tambaya kai tsaye, sannan likita ya duba ko za a iya mayar da maganin sahur da buɗa-baki. Mai ciwon suga da ya dage, a riƙa gwada shi, domin tsira yatsa ba ya karya azumi. Idan awon sugan ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 (a ma'aunin mg/dL), ya karya azumin nan take. Aya ta 185 a Suratul Baƙara ta yarje wa mara lafiya ya rama daga baya, kuma dattawa sun fi karɓar wannan daga bakin malami.

Akwai kuma gaggawar cewa "yi haƙuri, ƙaddara ce" tun mutum bai gama maganarsa ba. Wani yana ganin neman maganin zafi rashin tawakkali ne, sai ya cije yana gumi. Irin wannan a jawo kujera a saurare shi, a ba shi maganinsa. Yi wa wanda ba addininku ɗaya ba wa'azi yana kwance, wannan keta haddi ne.

Idan ajali ya kusanto, kuskuren shi ne jinkiri. Ɗan Katolika a kira masa fada tun yana cikin hayyacinsa. Musulmi a ja labule, a bar na kusa da shi ya laƙƙana masa kalmar shahada a hankali, ba da matsawa ba, kuma kada a ɗura ruwa a bakin wanda ya fita hayyacinsa. Likita na tabbatar da rasuwa, a rufe idanu, a ɗaure haɓa, a miƙar da gaɓɓai kafin jiki ya sandare, a lulluɓe shi. Takardu a fara su nan da nan, domin dangi suna son a yi jana'iza a ranar.