Turare, humra da alamar wuta: sababbin zuwa Ingila ku karanta kafin ku yi asara

Salam 'yan uwa, musamman waɗanda suka iso kwanan nan, sannunku da hanya sannunku da sanyi. Yau maganar turare zan yi don wlh na gaji da jin labarin kayan mutane da aka riƙe.

Ni kaina shekarar da na zo na haɗa wa ƙanwata tsaraba zan aika Kano, kwalaben turare huɗu da gwangwanin na fesawa biyu, na kai wani shagon aike, mutumin ya juya gwangwanin ya nuna min wani ɗan zane, harshen wuta baƙi a cikin jan murabba'i da ya tsaya kan kusurwa, ya turo min kayana. Na dawo gida ina ta mita wai don ya ga hijabi ne. Ashe ni ce ban sani ba, sai da na samu aiki a wani sito da ake ajiye fenti da kayan goge-goge aka zaunar da mu aka yi mana bayani.

Toh ga yadda abin yake. Ba ruwan ne ke fara kamawa ba, tururin da ke tashi daga kansa ne. A ɗakin gwaji suna zuba ruwan a wani ɗan kofi mai murfi, su riƙa ɗumama shi a hankali suna miƙa masa ɗan harshen wuta, zafin da tururin ya fara yin fuf shi ake rubutawa, a takardunsu za ki ga sun sa flash point. Wannan lambar ita ce komai. In ta gaza digiri 23 abin ya shiga rukuni na 1 ko na 2, ya danganta ko yana tafasa kafin ya wuce digiri 35, in kuma tsakanin 23 da 60 take rukuni na 3 ke nan. A jikin jarka za ki ga H224, H225 ko H226, wato rukuni na 1, na 2 da na 3 ke nan, na farkon ya fi masifa. Tsarin na Majalisar Ɗinkin Duniya ne, GHS, shi ya sa wanda ke Jamus ko Faransa ma zanen da zai gani ke nan ko da bai iya karanta yaren ba.

Fetur lambarsa wajen digiri 40 ƙasa da sifili, wato ko cikin ƙanƙara kamawa yake. Kananzir wajen 38 zuwa sama, shi ya sa a gida muke ɗan wasa da shi. Sifirit ɗin da ke cikin turare kuwa wajen 13 ne, ke kuma ɗakinki da hita yana 20 ko fiye, kin ga tuni ya wuce. Kuma fa kwalbar turare ba dole ba ne ki ga jan zanen a jikinta tunda kayan kwalliya dokar lakabinsu daban, amma a wajen masu sufuri sunansa UN1266, ajin 3, aji ɗaya da fetur.

Royal Mail, wato gidan wayan nan, tana karɓar turare in cikin ƙasar za a kai, kwalba kada ta wuce mililita 150 kuma guda huɗu kawai a ƙunshi ɗaya, a cikin kwalinsa na asali, amma zuwa ƙasar waje ba ta karɓa sam. Dan Allah kar ki rubuta "kayan sawa" a fom ki cusa turare a tsakiyar atamfa, na'ura na gani. A jirgi kuma duk turarenki da kayan fesawa in aka haɗa kada su wuce lita 2, kowace kwalba ɗaya kada ta wuce rabin lita. Ashana da laita ba a sa su a akwatin da za a auna. Gawayin turaren wuta ma, musamman mai zagayen nan da ke kamawa da kansa, ki bar shi, shagunan Larabawa da 'yan Somaliya a nan cike suke da shi.

Humra ita ce mai rikici. Hajiya ta haɗa miki a Maiduguri ta ɗura a gorar ruwa, ba suna ba lakabi, ke kin san mai ne da farce da sandal, amma ma'aikacin da ke gabanki bai san me aka zuba ba, kuma gaskiya wasu masu haɗawar suna tsinka ta da na fesawa. Abin da ba shi da takarda sai ya ɗauke shi a mafi haɗari, ba za ki ci gardamar ba. Mai niyyar sayarwa a nan kuma ta nemi takardar sinadarai daga inda take sarin man.

Takardar SDS ake ce mata, sashe 16 gare ta, kuma in kina aikin shara ko sito ko gidan kula da tsofaffi haƙƙinki ne a nuna miki. Ni sashe na 2 nake fara dubawa don haɗarin, sai na 9 inda lambar flash point take, na 14 kuma na sufuri ne.

Sai haɗarin da ba ya zuwa da alamar wuta. Sanyin nan yana busar da fata, duk sai mu dinga laftar mai, man ya shige zani da bargo ya bushe, yadin kuma ya koma mai saurin kamawa, wanki ma ba ya cire shi duka. Hukumar magunguna ta nan, MHRA, ta yi gargaɗi a kai a 2018 bayan mutane sun rasu. Toh ki tuna yadda muke tsugunawa kan kasko da zani a rufe. Ki turara kayan a kan kabbasa kafin ki sa, ki buɗe taga ko da sanyi, kuma ƙararrawar hayaƙin nan ta silin in ta dame ki kar ki ɗaure mata leda, mai gida in ya zo dubawa nan yake fara ɗaga kai.