Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen tare korama da ƙananan madatsun ruwa

Duk shekarar da Kogin Haɗeja ya cinye gonakin Ringim da Auyo da Kafin Hausa, kamar yadda ya yi a 2020 da 2022, sai a sake ta da maganar jera ƙananan madatsun ƙasa a kan koramu, domin ruwan sama ya riƙa isa babban kogi kaɗan-kaɗan maimakon ya afka masa lokaci guda. Dabarar ba ta da laifi, amma na gaji da ganin sababbin shiga suna tafka kuskuren da ni ma na tafka.

Mafi muni shi ne gina madatsa ba tare da wadatacciyar mafitar rarar ruwa ba. Ganuwar ƙasa ba ta jure ruwa ya bi ta kanta, domin da zarar ya tsallake sai ya fara zaizaye bayanta har ta ɓalle. Lokacin da muka yi aikin gayya muka jera uku a koramar ƙauyenmu, ni ne na ce a bar mafita mai faɗin ƙofar ɗaki saboda gudun wahalar haƙa. A wani daren marka na watan Agusta ta sama ta fashe, ruwanta ya rushe ta biyu, su biyun suka haɗu suka tafi da ta uku, da gari ya waye kuwa yashi ya binne geron kawuna har wuya. Wanda yake ganin wannan ganganci ne na 'yan ƙauye kawai, ya tuna cewa madatsar Bagauda ma ta ɓalle a 1988. Yanzu a gefe nake haƙa mafita, cikin ƙasa mai tauri wadda ba ciko ba, in sauke ta kamar mita ɗaya ƙasa da kan ganuwa, in shimfiɗa mata duwatsu.

Na biyu kwaɗayi ne zalla. Madatsar da ta cika tun watan Yuli ba ta da inda za ta zuba ruwan Agusta, amma sai ka iske masu albasa da tumatir sun toshe bututun fitar da ruwa na ƙasan madatsa da buhun yashi saboda noman rani. Wannan son kai ne, kuma mutanen gangare ne suke kwana a ruwa dominsa. Ni ba na rufe bututu sai tsakiyar Satumba, ko da za a ji haushina.

Kada a yi ciko da rairayi. Yumɓu ake zubawa taƙi-taƙi, ana yayyafa ruwa ana daɓewa. Kada a bar itace ya tsiro a kan ganuwa, jema ko kiri-kiri ake dasawa. Ramin gafiya da shurin gara kuwa a cikin Afrilu nake bin su ina toshewa, tare da yashe lakar da ta taru, tun kafin ruwan shuka ya sauka.