Yadda za ka shigar da yaro duniyar Le Petit Nicolas: littafi tukuna, katun daga baya

In yaronka yana koyon Faransanci, nema masa Le Petit Nicolas, gajerun labaran ban dariya na wani ɗan makaranta mai suna Nicolas, amma ka ɓoye rimot ɗin talabijin tukuna. René Goscinny ne ya rubuta labaran, Jean-Jacques Sempé ya yi zanen. Sun fara fitowa a jaridar Sud Ouest Dimanche a 1959, littafin farko ya biyo baya a 1960. Katun ɗin da tashar talabijin ta M6 a Faransa ta soma nunawa sai a 2009 ya zo, kuma ni a baya nake ajiye shi.

Ga dalilina. Nicolas ne da bakinsa yake ba da labari, alhali bai gane rabin abin da manya ke ciki ba. Mai karatu ne ke ganowa, kuma nan dariyar take. Katun kuwa yana baje komai a fili, bai bar wa yaro aikin yi ba.

Fara da gabatar masa da abokan: Alceste da ba ya rabuwa da abinci, Clotaire na ƙarshe a aji, Eudes mai naushin hancin mutane, Geoffroy ɗan mai kuɗi, da Agnan ɗan lelen malama, wanda gilashin idonsa ke hana a doke shi. Tambaye shi wane ne Agnan a ajinsu. Ba zai yi dogon tunani ba.

Sai ku ɗauki labarin farko, na ranar ɗaukar hoton aji. Karanta da ƙarfi, da sauri, domin jimlolin dogaye ne, irin na yaron da ya dawo makaranta yana zuba ba numfashi. Kada ka tsaya kan kowace kalma, ƙamus yana kashe labari. Ku tsaya kan zanen Sempé dai, ya nuna maka wanda ke kuka da wanda ke tsokana. Labari ɗaya ya isa a dare.

Ka faɗa masa Faransar shekarun 1950 ce, makarantar maza zalla, kuma faɗan da ake yi a filin wasa ba abin koyi ba ne.

Bayan kun gama littafi ɗaya, kunna katun. Kowane kashi bai kai kwata na awa ba. Nan kunnensa zai saba da lafazi, kuma da ya ce Alceste ɗinsa ya fi wannan ƙiba, bar shi ya yi gardamarsa da Faransanci.